Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwaggo Sigina

Turawa,
Ƙaramar Hukumar Karaye,
Jihar Kano.

Zuwa ga Gwaggo Sigina, wadda 'yan tasha ke kira Tirafiketa,
Bayan sitiyari, ɓangaren hagu.

Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙwayayenki huɗu, na gaba da na baya. Ina gajiya? Yaya fama da ƙura?

Kada ki yi mamakin na kira ki Gwaggo. Na bincika asalinki, na tarar kin girmi mahaifina. Tun a 1939 kamfanin Buick na Amurka ya fara fito da motoci ɗauke da ke kina ƙiftawa, shekara ashirin da ɗaya kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai. An kuma ba ni labarin mahaifiyarki, wani ɗan hannu mai fitila da yake fitowa daga jikin mota ya miƙe, kamar ɗan makaranta mai neman izinin fita. Ita ce Tirafiketar asali, sunanta kika gada. Kina nan aka sauya mana hannun tuƙi a 1972 muka koma dama, kina nan aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988. Wanda ya ga wannan duka ba a ɗaga masa murya. Matsalar dai ita ce ke ma ba kya ɗaga taki.

Gwaggo, kunyarki ta yi yawa. Na san an ce kunya adon mace ce, to amma ke ba amarya ba ce, kuma tsohuwar Golf ɗina ba ɗakin surukai ba ne. Dubi inda kike aiki. Salansa ta fashe tun damina. Shokozoba ta gama nata zamanin, kowane rami sai mun gaisa da shi da kai. Gilashin bayan direba yana kaɗa haƙora. A but akwai kwandon kifin madatsar Challawa da buhun masara, a baya mutum huɗu suna musun siyasa, a gaba rediyo yana taya su. A tsakiyar wannan kasuwa ke kuma kina can ƙarƙashin dashbod kina ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera yana gwada gyaɗa a rumbun da ba nasa ba. Wa zai ji ki?

Bari in gaya miki abin da shirunki ya jawo mini. Ranar nan na taso daga Karaye zan tafi Rogo. Da fitata gari na cim ma wani amalanken shanu ɗauke da kara, na kunna ki hagu, na wuce shi, na dawo hannuna. Ashe ɗan harshen robar nan da ke mayar da ke wurinki ba ya aiki sai sitiyari ya juya sosai, wucewar amalanke kuwa ba ta kai ya motsa ba. Kika ci gaba da ƙiftawa. Ɗan koren kibiyar da ke gabana rana ta haske shi, ban gani ba. Muryarki kuma kin san ta.

Akwai wani dattijo a bayana cikin mota, mai haƙuri irin na mutanen da. Duk lokacin da ya yunƙuro zai wuce, sai ya ga ina sanar da duniya zan karya hagu, ya koma baya. Haka muka yi ta tafiya kamar masu rakiyar amarya, har na tsaya shan mai a bakin Rogo. Ya faka a bayana, ya fito, ya yi mini sallama, ya tambayi iyali da gajiyar hanya. Sannan ya ce, "Malam, don Allah wai ina ne hagun nan da kake ta yi mana alƙawarinsa tun daga Karaye? Ko mun wuce shi ne ban lura ba?"

Da zagina ya yi da na samu abin ramawa. Fasinjoji suka fashe da dariya, yaron gidan mai har da riƙe ciki. Na leƙa, ga ki nan kina ta ƙifta ido ba ko kunya, ke da nake cewa kunya ta yi miki yawa.

Washegari na kai ƙararki wurin mai wayarin. Ya durƙusa ƙarƙashin dashbod, ya zaro wani ɗan akwati da bai kai na ashana biyu ba, ya ce, "Alhaji, ga maƙogwaronta, filasha ke nan." A bakinsa na ji cewa muryarki ma ba da niyya aka yi ta ba. A motocin da, wani siririn ƙarfe ne mai ɓari biyu a ciki. Wuta ta bi ta kansa ya yi zafi ya lanƙwashe, ya yanke wutar, ya huce ya miƙe, ya sake haɗa ta. Wannan lanƙwasa da miƙewar ne ƙas-ƙas ɗin. A irin tawa kuma maganaɗisu ne ke jan ɗan ƙarfe yana saki, tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta tanada. In ƙwai ɗaya ya mutu sai bugun ya ƙara sauri, wato hanyarki ta yin kukan rashi ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na sabbin motoci. Wai su babu ƙarfen da ke bugawa ko kaɗan. Kwamfuta ce ke kunna fitila tana kashewa, sai aka sa 'yar lasifika tana kwaikwayon muryarki, don mutane sun saba da ita. A wasunsu ma mai mota yana iya ƙara sautin ko ya rage, kamar na rediyo. Kin ga jikokinki sun waye. Ni da ke kuwa sai dai haƙuri da juna.

Kada ki ɗauka ke kaɗai nake zargi. Mu ma mun ɓata miki harshe. An haife ki da kalma biyu rak, hagu da dama, amma a hanyoyinmu mun ɗora miki ƙamus guda. Mai tirela ya kunna ki da dare, ka rasa ko cewa yake wuce, ko kada ka wuce, ko dai faɗin jikinsa yake nuna wa mai tahowa. Wani ya zo mararraba ya kunna duka biyun, wai ma'anarsa miƙewa zai yi. Masu kai amarya su kunna, ruwan sama ya sauko a kunna. Mota kuwa in ta lalace da gaske, lokacin da ya kamata a kira ki, sai a karyo ganye a jera a kan kwalta. Ɗan acaɓa kuma ya gama karya kwana tukuna ya tuna da ke, kamar mai yin sallama bayan ya zauna a tabarma.

Amma a asali ke alƙawari ce. Wanda ya kunna ki ya ce wa na bayansa da na gabansa da yarinya mai tallan gyaɗa a bakin titi, ga inda na nufa, ku gina lissafinku a kai. Alƙawari kuwa kaya ne. Fitilar ta mutanen waje ce, ƙarar kuma tawa ce ni kaɗai, don in riƙa jin cewa har yanzu akwai maganar da na furta ban cika ba. Da wani ya gaskata ni a ranar nan ya shigo gabana daga wata kwana, da ba wasiƙar raha nake rubutawa ba. Ƙarya na yi ta shararawa daga Karaye har Rogo, kuma ban ji kaina ba.

Don haka na ce wa mai wayarin ya ƙara miki murya. Ya ɗauko wata 'yar baƙar aba kamar murfin kwalba, irin mai tsuwar nan da ake sa wa babura, ya ce daga Ƙofar Ruwa ya saro su. Ya jona ta da wayar hagu da ta dama, ya sa wa kowace ɗan abin da ke hana wuta komawa baya, don kada ɓangare ɗaya ya kunna ɗaya. Ya ce in gwada.

Gwaggo, ashe dama haka kike? Shekara da shekaru kina noƙe kai, ranar da aka ba ki dama sai ga ki sanƙira. Tsit kike a da, yanzu ko mai shelar sarki albarka. Na kunna ki a kwanar gidanmu da dare, akuyoyin maƙwabta suka watse, jaririn gida ya farka, uwargida ta leƙo ta ce ta ɗauka motar asibiti ce. Wata tsohuwa da na ɗauko daga Zarewa ta yi ta laluben jakarta tana cewa wa ke kiranta. Duk Turawa babu wanda bai san lokacin da nake dawowa gida ba, da ta inda nake biyowa. Mutum ba shi da sauran sirri.

Ga inda garin gyaran gira na kusa rasa ido. Saboda gudun ihunki sai na fara ƙin taɓa ki. In zan karya kwana in duba ko akwai mai barci a mota, in akwai sai in zura hannu ta taga kamar zamanin mahaifiyarki. Da kina raɗa ina mantawa da ke a kunne, da kika koma ihu na daina kunna ki gaba ɗaya. Ban san wanne ya fi muni ba.

Na koma wurin mai wayarin da fushina. Bai ce komai ba. Ya yanko ɗan baƙin salatif, ya liƙe rabin ramin da sautin ke fita. Aikin bai kai minti ɗaya ba, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Yanzu muryarki ta dawo irin ta gwaggo ta gaske, wadda ba ta yi maka tsawa a gaban baƙi, amma in ta yi gyaran murya daga cikin ɗaki ka san da kai take.

To ga roƙona. Ki tsaya a nan. In zafin Afrilu ya ɓamɓare salatif ɗin, ki yi mini uzuri har in samo wani. Ni kuma na ɗauki nawa rabon: zan rage rediyo, zan gyara salansa bayan an sayar da masara, kuma na yarda cewa kunnen da ya haura hamsin ba irin na da ba ne, ko da yake wannan tsakanina da ke ne.

In kuma kin hangi dattijon nan a bayanmu wata rana, ki ƙifta masa sau uku kawai, in karya hagun a kan idonsa. Bashi ne yake bina.

Wassalam.

Ɗanki mai biyayya,
Direban tsohuwar Golf, Turawa.