Abubakar Nawa Ne a Ƙungiyarmu?

An naɗa ni sakataren ƙungiyarmu ta manoma da dillalan albasa ne saboda an taɓa ganina da kwamfuta a hammata. Membobinmu sun bazu daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, sunayensu kuwa suna cikin wani littafi mai baƙin bango da ma'aji ke riƙe da shi tun muna cikin jihar Sakkwato, kafin a yanko Kebbi a 1991. Littafin ya sha manja, ya sha ruwan goro, amma bai taɓa ɓatar da mutum ba. Ana nan sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta ba mu iri da taki, da sharaɗin mu zuba rajistar a kwamfuta, kowa da lambar wayarsa da imel ɗinsa, mu kuma riƙa aika wasiƙar labarai duk wata.

Na ce ai wannan shan ruwa ne. Ɗan garinmu Farfesa Attahiru Jega ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015, ya tankaɗe rajistar masu zaɓe ta ƙasa baki ɗaya, daga sama da miliyan 73 ta dawo ƙasa da miliyan 69. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai ne za su gagari wani ɗan Jega? Sai dai Farfesa yana da na'urar ɗaukar hoton yatsa. Ni Excel kaɗai gare ni.

Excel ɗin ya fara da cinye sifilin farko na kowace lambar waya. Da na sa musu 234 a gaba, sai ya fusata ya mayar da lambar shugabanmu 2.35E+12. Na nuna wa shugaba, ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai taɓa sayen wannan layin ba.

Imel kuwa kowa ya ce yana da shi, amma ba wanda ya san sunansa. Yaron da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu don WhatsApp ya yi aiki, ya rubuta kalmar sirrin a bayan rasit, rasit ɗin kuma an ƙunshe tsire da shi. Mutanen Aliero suka hutar da kansu: kusan rabinsu suka ba da adireshi ɗaya, na wani mai shagon buga takardu kusa da jami'a. Duk wata bawan Allah nan yana samun wasiƙa iri ɗaya tuli guda, kowace tana ce masa ranka ya daɗe.

Sannan ga Abubakar. A littafin ma'aji babu ruɗani, domin wani Garba ne, wani Buba, wani Habu mai rudu, wani ɗan gidan masu ɗori. Fom ɗin masu agaji kuwa sunan yanka da sunan uba kawai yake so, sai ga Abubakar Muhammad sun yi jerin gwano. Ma'aikacinsu, wani matashi mai ƙaramin gemu, ya leƙa ya ce maimaici ne, ya danna maɓalli guda. Kwamfuta ta bar na farko, ta share sauran. Ya ce yanzu rajista ta yi tsabta.

Cikin kakar albasa Allah ya yi wa Abubakar ɗinmu na Maiyama rasuwa. Na buɗe rajista in sa ta'aziyya a wasiƙar wata, Abubakar Muhammad guda ne tak a ciki, ga garinsa, ga unguwarsa, na kwafa na aika. Mai shagon nan da bai taɓa karanta ko layi ɗaya namu ba, ranar ya karanta. Ya ɗauki hoton saƙon ya jefa WhatsApp. Kafin la'asar motar Jega ta cika da manyan riguna, mun nufi Aliero, har da ni, domin shugaba ya ce lallai sakatare ya je da ambulan.

Muka tarar da mamacin a ƙofar gida, tsaye kan buhunan albasa, yana zagin direba a kan kuɗin lodi. Wani dattijo a cikinmu ya riga ya ɗaga hannu zai fara addu'a, hannun ya tsaya a sama.

Alhaji ya sauko, aka nuna masa wayar, ya sa aka karanta masa har ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Malam Sakatare, yaushe ni mutu? Kai ka sani, ni ban sani ba?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, kwamfuta ce." Ya ce to a gaishe ta. Ya karɓi ambulan ɗin, ya ƙirga a gabanmu, ya ce ashe darajarsa ke nan a ƙungiya, ya sa a aljihu. Muka sake haɗa wani kuɗin a cikin mota muka wuce Maiyama, inda aka tambaye mu me ya tsayar da mu.

Ma'aji ya zauna da ni da littafinsa, muka dawo da Abubakar ɗin da aka share ɗaya bayan ɗaya, na ƙara layi na laƙabi. Alhaji dai ya daina biyan kuɗin wata, ya ce mamaci ba ya biya, a nemi magada. Ranar rabon taki kuwa tun asuba ya zo da kura biyu.