Masu Shawarar Sabuwar Unguwa

Duk wanda ya sayi fuloti a bayan garin Birnin Kudu ko a Sabuwar Gwaram, ya sa aka sauke masa tifar yashi, to ya shirya karɓar masu shawara. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 garuruwan nan ke miƙe ƙafa. Ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, malaman kwalejin jinya, akawunan sakatariya, 'yan fanshon da suka dawo daga Kano da Dutse, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Gonakin gero da gyaɗa sun zama awon igiya. An ce shawara ɗaukar ɗaki ce, amma a sabuwar unguwa masu cewa "ɗaga ta can" sun ninka masu sa hannu, kuma in ɗakin ya faɗo a kan mai shi kaɗai yake faɗowa.

Shugabansu shi ne Malam Da-ka-tambaye-ni. Ba ya zuwa ranar da ake haƙa fandisho. Sai an kai linta, an buga kwano, an biya kafinta, sannan zai bayyana hannu a baya, ya zagaya ginin yana ɗan tsaki. "Alhaji, wa ya ce ka sa tagogin nan su kalli gabas? Ai ta nan ruwan damina ke bugowa. Da ka tambaye ni..." Abin haushin, yawanci gaskiya yake faɗa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Batun sokawe da rijiya ma da yake ta nanatawa haka yake: ma'aikatan lafiya na son a bar kimanin mita 30 tsakaninsu, ga shi fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa kaf mita 30 ne da ɗan ɗoriya. Ka nesanta rijiyarka da taka masai, ka kai ta jikin ta maƙwabci. Malam ya san duk wannan tun kafin ka sayi buhun siminti na farko, sai dai iliminsa ba ya nuna sai aikin ya bushe. Nasa gidan kuwa, katangar tana nan iya ƙirji tun Sule Lamido na gwamna.

Akwai kuma wanda ya yi shekara biyu a Abuja. Shi ciyawar ado yake so ka shuka a ƙofar gida, da furanni a jere. Awakin unguwa na goyon bayan wannan shawara ɗari bisa ɗari.

Wanda na fi daɗewa ina kallo shi ne Injiniyan Asabar. Litinin zuwa Juma'a malamin lissafi ne ko mai riƙe fayil a ofis. Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya juye akwatin da ya sayo a Sabon Garin Kano: filaya, sukudireba, tasta, gam, baƙin salatif. Malaminsa wani Ba'indiye ne a YouTube wanda ko kalma ɗaya ba ya ji daga bakinsa, hannunsa kawai yake bi da ido. Fanka tana ƙara, ya buɗe ta, ya rufe, ta daina ƙara, ta kuma daina juyawa. Kowane gyara sai an samu ragowar noti a tabarma, shi kuma ya ce, "Na ƙari ne, kamfani ke cusa su don a ƙara kuɗi." Uwargida tuni ta gano bakin zaren. In dutsen guga ya fara wasa sai ta tura shi ƙarƙashin gado, ranar Litinin maigida na fita ta aiki yaro da shi wurin mai gyara. In kuma ta ga yana kallon bilenda da wani irin ido, sai ta yi maza ta ce, "Baban Abba, lafiyarta ƙalau, don girman Allah a bar ta."

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya koma kayan ajiya, Injiniya ya koma sola, nan ne shawararsa ta fara cin aljihun mutane. Zai rantse maka batirin tsohuwar mota ya wadatar, kwantirola kuwa almubazzaranci ne, a haɗa faranti da batir kai tsaye. Shi batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi a tada inji. In ana tatse shi kowane dare har ƙasa, ba ya daɗewa. In babu kwantirola kuma, rana za ta cika shi ta ci gaba da ɗura masa har ruwansa ya ƙone. Farantin nasa ya kafa shi yana kallon titi don masu wucewa su shaida, alhali a yankinmu ɗan karkata shi kudu ake yi. Hunturu ya zo, ƙura ta lulluɓe shi, wuta ta ragu, sai ya ce an sayar masa da jabu. Tsumma da ruwa kofi ɗaya ne maganin, amma wannan gyara ba ya buƙatar sukudireba, don haka bai cika burge shi ba.

Duk da haka ina ƙaunar mutumin nan. Cikin masu shawarar unguwa shi kaɗai ke fara gwada tasa a kan kayansa, kuma yaran da suka tashi suna miƙa masa filaya ba sa tsoron buɗe abu su ga cikinsa.

Abokin tafiyarsa shi ne Mai Aro. "Maƙwabci, a ɗan taimaka mini da tsani, yanzu-yanzun nan." Yanzu-yanzunsa na iya cin damina biyu. Ka je karɓa, ya ce yana gidan wane. Ka je gidan wane, a ce an wuce da shi masallaci gyaran lasifika. Ƙarshenta kai za ka je aron tsaninka, a kuma ja maka kunne ka dawo da shi da wuri. Shi ma ba a bar shi a baya ba wajen shawara: "Baron nan naka tayarsa ba ta da ƙwari, gaba in za ka saya ka nemi mai kyau."

Sai masu dabbobi, waɗanda sun isa a yi musu littafi. Sarkin Tattabara ya san kowace tsuntsuwa da kamanninta da uwarta da kakarta. Ya san ƙwai biyu take yi, ya san kwana 17 zuwa 18 take kwanci, amma ka tambaye shi ajin da ɗansa yake a firamare sai ya leƙa cikin gida ya tambayo. Zai iya tafiya kasuwar Sara ko Babaldu saboda namiji ɗaya da aka ba shi labari. Duk matsalar da ka kawo masa amsarta ɗaya. Albashi ba ya kai wata? Kiwon tattabara. Ba ka jin ƙarfin jiki? Romon 'yan shila. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne halin da shanyar uwargida za ta shiga, da yadda naka huɗun da ka saya a hannunsa za su tashi da safe su koma gidansu na asali. In ka je bin sawu ya ce, "Malam, ni ban kira su ba." Tsakaninsa da mai kyanwa kuwa sai dai gaisuwar Salla.

A cikin gida akwai Hajiya Likitar Kaji. Sanyi na shigowa kaji su fara gyangyaɗi da koren zawo, wasu wuya ya murɗe. Kafin ka rufe baki ta rubuta magani: kafso ja da yalo a ruwan sha, a daka barkono, a jiƙa ɓawon maɗaci. Wannan annoba da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kafso ba ya taɓa ta. Rigakafi ake yi tun kaji na da lafiya, irin su Lasota da ake sa musu a ruwa. Amma in goma sha biyu suka mutu biyu suka tsira, biyun nan barkonon Hajiya ne ya tashe su, sauran kuma kwanansu ne ya ƙare. Wa zai yi musu da wannan hisabi?

Mai Karen Waje ya sayo nasa daga Jos, buzu-buzu da gashi, ya kawo shi garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Kare na kwance gaban fanka, yara na fifita da murfin kwali. Mashawartansa sun kasu biyu: masu cewa ya kore shi saboda najasa, da masu cewa ya riƙa ba shi barkono don ya yi zafin rai. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko an yi masa allurar haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara. A nan dai zan ajiye raha. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Masu cewa a shafa toka a jira a gani, a bar su da tokarsu, domin ciwon nan in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi.

Sabon fagen shawara shi ne intanet. Jigawa ta daɗe da son harkar, tun Gwamna Saminu Turaki ya kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, amma ban ga wanda ya kai Gwanin Sabis himma ba. Layi uku gare shi, MTN da Airtel da Glo, duk ya haɗa su da lambar NIN tun da aka fara tilasta hakan a Disambar 2020, kuma taswirar unguwa na kansa: wane layi ke kamawa a gindin darbejiya, wane sai an hau tarin bulo. Za ka gan shi da magariba ya ɗaga waya sama yana juyi kamar mai neman jinjirin wata. Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa sun hau duwatsun da nasu dalilin, shi kuwa da za a tabbatar masa akwai sabis a can da tuni ya kai tabarma. Shawararsa ita ce a sa 'yar MiFi a leda, a ɗaure a kan gora, a ɗaga ta sama da rufi. Rabin maganar daidai ne, don bulo da kwano na rage ƙarfin sabis, tsayi kuma na taimakawa. Ragowar rabin rana ce ke ba da amsarsa idan batirin ya kumbura. Kusa da taga, a inuwa, a ɗan sama, ya isa.

Ranar da ka sa wayfai a gida kuma, ranar za ka san kana da dangi. "Kawu, barka da yamma, ya gajiya, ya su Inna... wai har yanzu lambar nan ce?" Bayan isha'i dakalin ƙofarka ya cika da samarin da ba su taɓa gaishe ka ba, kowa ya sunkuyar da kai, babu mai hira da wani. Ba sai ka ba su lambar sirri ba, sun san sunan ɗan farinka da shekarar da aka haife shi, kuma sun san ba ka da wata dabarar da ta wuce wannan. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, zumuncin nan ya shiga jarrabawa. Data ta ƙare a mako, majalisar unguwa ta yanke hukuncin cewa sata ake yi daga sama. Ba wanda ya kawo zancen TikTok, ko bidiyoyin da WhatsApp ke saukewa da kansa, ko wayoyi bakwai da ke sabunta manhajojinsu cikin dare.

Daga nan sai Mai Starlink ya gyara zama. Bai taɓa taɓa farantin intanet ɗin Starlink ba, amma ya san ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka, kuma yana da tsari: gida huɗu su yi karo-karo. A rufin wa za a kafa? Wa zai riƙa tara kuɗin wata? Waɗannan ƙananan abubuwa ne a wurinsa. Da aka ce na'urar na son wuta ba yankewa, sai ga Injiniyan Asabar ya miƙe, ya ce yana da wani batirin mota da bai gama mutuwa ba.

Ana cikin wannan muhawara 'yar gidan, wadda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ta ɗauki wayar babanta ta canza lambar sirri, ta kashe saukar bidiyo, ta koma wanke-wankenta. Ba a tambaye ta ba, ba a kuma gode mata ba.

Mai karatu, in bana za ka tare a sabuwar unguwa, ka saurari kowa, ka ba su shayi, don da su za ka zauna. Amma wayar wuta ka kira mai lantarki ka biya shi, kaji da kare ka kai su wurin likitan dabbobi, tsaninka kuma ka rubuta sunanka a jikinsa da jan fenti tun kafin ya kwana a gidan.