Rabe-raben Masu Yaƙi da Aikin Kwamfuta a Jikin Tufa

Abin da teloli ke kira aikin kwamfuta shi ne adon zare da inji ke zubawa a wuyan riga ko aljihu ko hula bisa zanen da aka ɗora masa, kuma injunan zamani irin su Tajima na ƙasar Japan suna iya soka allura kusan sau 1,000 a minti guda, ta yadda ɗan tambarin da bai kai tafin hannu ba yakan ƙunshi dubban ɗinki. Kowane ɗinki yana sarƙe ne da zaren ƙasa, wato wanda ke fitowa daga kwarkwaro, a bayan wani farin ƙyalle mai kama da takarda da ake shimfiɗawa don kada yadi ya tattare. Saboda haka abin da inji ya gama cikin mintuna goma yakan ci wa ɗan Adam yini kafin ya warware shi, kuma wannan rashin daidaito ne ya haifar da jinsunan mutanen da za a bayyana.

Jinsi na farko shi ne Mai Reza, wanda ya sayo rigar gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya iso gida ya tarar da sunan wani kamfanin gyaran famfo na Amurka a ƙirjinta. Ka'ida ita ce a juya rigar a yanke zaren ƙasa ta baya sannan a tsince na sama, amma shi ta gaba yake afka wa aikin, kuma yakan yi nasarar cire tambarin tare da yadin da ke ƙarƙashinsa. Ƙaninsa shi ne Mai Faci, wanda ke rufe ƙaramin tambari da babban bajon ƙungiyar ƙwallon da ba ya ma goyon baya, daga nan ya shiga neman abin da zai rufe bajon. Mai Biro kuwa yakan shafe farin zare da baƙar tawada, kuma dabararsa tana aiki har zuwa ranar da aka yi ruwan sama.

Mai Rini ya fi waɗannan zurfin tunani, domin yakan ɗauki rigar ya nufi marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, da fatan baba zai haɗiye komai. Abin da ya manta shi ne baba yana kama auduga ne, alhali zaren injin sau da yawa na roba ne wanda rini ba ya shiga jikinsa, don haka rigar takan dawo shuɗiya wuluk, tambarin kuma ya ƙara fitowa fes fiye da yadda yake a da.

Jinsin da ya cancanci dogon nazari shi ne Mai Sauya Sheƙa, wato ɗan siyasar unguwa da ya sa aka ɗinka masa alamar jam'iyya a hula da aljihun kaftani a lokacin da yake da yaƙinin cewa a nan zai mutu. Yakan zo shagon tela bayan sallar isha'i, da kayan a cikin baƙar leda, ya tsaya sai abokan hira sun watse, sannan ya sassauta murya ya ce, "Maigida, wannan lemar, babu yadda za a yi ta koma tsintsiya?" Idan tela ya bayyana masa cewa lema faɗi gare ta, tsintsiya kuwa tsawo, sai ya nemi a mai da ita fure tukuna har a ga inda iska ta kaɗa. Teloli sun ga yawaitar irinsa bayan zaɓen 2015, kuma ba su daina ganinsa ba a kowace kakar zaɓe. Matsalarsa ita ce shadda ba ta mantuwa, domin ko an tsince zare tas, hudojin allura sukan zauna a jikinta su zana siffar tsohuwar alamar, ta yadda duk wanda ya matso gaisawa zai karanta tarihin siyasarsa a ƙirjinsa. Akan yayyafa ruwa a bi da dutsen guga, ramukan su ɗan rufe, amma a hasken rana lemar tana nan. Gogaggu a cikin wannan jinsi sun koyi darasi, shi ya sa yanzu suke roƙon a yi musu alamar a kan wani ƙyalle daban a manna da ɗinki huɗu kacal, wanda za a iya farkewa a cikin mota tsakanin wani taro da wani.

Kusa da shi akwai Mai Ankon Biki, wadda aka ɗinka wa sunan ango da amarya a gefen mayafi, auren ya mutu, mayafin kuma ko kwalliyarsa ba ta dushe ba. Akwai kuma Mai Ba Da Shawara, wanda bai taɓa riƙe allura ba amma ya san cewa kalanzir yana narkar da zare. Sai Mai Rabi da Rabi, wanda ya fara tsince aiki da himma, ya cire haruffa uku daga cikin tara, ya ninke rigar ya ajiye a ƙasan akwati, kuma an lura cewa wasu daga cikin wannan jinsi sun fi samun lokacin rubuta dogon bayani a kan rabe-raben mutane fiye da lokacin ƙarasa haruffa shidan da suka rage.

Duk waɗannan abin dariya ne, amma ban da Mai Cewa Cirewa Ce Kawai. Shi ne wanda ya zaɓi zanen da kansa daga wayarsa, tela ya gargaɗe shi cewa zaren ruwan zinare ba zai dace da wannan shadda ba, ya dage, sannan ya dawo ranar jajibirin salla ya ce a cire. Yaron shago zai duƙa tun hantsi har la'asar yana tsince zare ɗaya bayan ɗaya da bakin allura, idonsa ya yi ja, yatsunsa su huje, kayan wasu mutane su yi ta jira. Idan aka gama aka faɗi kuɗi, sai ya ware ido ya ce, "Haba Malam, ai ba ɗinki ka yi ba, cirewa ce kawai," ya ɗauki rigarsa ya bar yaron da "Allah ya yi albarka" kawai. Wannan ba wauta ba ce irin ta Mai Reza, cin gumin wani ne, kuma ya kamata teloli su yanka wa warwara farashi tun kafin a taɓa zare, a kuma biya shi kafin riga ta bar shago.