Zuwa ga Hajiya Katanga, mai gadin makarantarmu

Ya rana, ya kuma haƙuri da masu jingina? Ni ne malamin aji huɗu, wanda tagarsa ke kallon ƙeyarki. Ƙeya na ce, don fuskarki kam kin daɗe da juya ta wajen titi.

Ranki ya daɗe, a gabana aka gina ki. Iyayen yara ne suka yi karo-karo, wannan buhun siminti, wancan yashi, don ki raba mana yara da awaki da masu babur. Kin yi aikinki shekara guda cur. Sai mai shayi ya jingina benci, kika yi gum. Mai faci ya rataya taya, mai walda ya kafa rumfa. Yau shaguna goma sha ɗaya sun mai da ke bangon bayansu, ba wanda ya sayi ko bulo ɗaya.

Babban maƙwabcina shi ne injin markaɗe. Ƙarfe takwas yake tashi, daidai da darasin farko, kai ka ce shi ma hedimasta ya ba shi jadawali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar da ke shigowa aji lokacin karatu kada ta wuce desibel 35, wato abin da bai fi ƙus-ƙus ba. Mu ma muna da dokar hayaniya tun 2009, tana kwance a ofis, inda babu injin da zai tashe ta. Ni kuwa sai jijiyar wuyana ta miƙe kafin 'yan layin baya su gane ba hamma nake yi ba. A duk faɗin unguwar nan, mu kaɗai ne ke murna idan an ɗauke wuta, don mai walda zai huta.

Hayaniyar mai tallar magani ta fi ci mini rai. Ranar Talata na tambayi wani yaro bakwai sau takwas, ya ƙura wa silin ido kamar a can aka rubuta amsar. Can sai lasifikar motar mai magani ta kama, na ga leɓen yaron yana bin ta tiryan-tiryan: basir mai tsiro, basir mai jini, sanyin mara, har lambar waya bai tsallake ba. Akwai sauran baitoci da kunya ba za ta bar ni in rubuta wa Hajiya ba. Gaskiya mutumin ya fi ni iya koyarwa, maimaici yake yi ba gajiya, kuma ba ya jiran albashi.

Ga mai tebur a bakin ƙofa, sigari na zaune kafaɗa da kafaɗa da alawa da biskit. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Na taɓa gaya masa haka, ya ce, "Malam, aiko su ake yi." Ita kuma ƙofar ragon da aka ɓula a gefenki, kin fi ni sanin tana ɓullewa ne gidan kallon ƙwallo. Masu magana sun faɗi abin da ƙadangare ke jira.

Kada ki ɗauka rusau nake roƙo. Na ga na watan Yunin 2023 a Kano, lokacin da katafila ta kwantar da shagunan Filin Idi: wata gwamnati ta ba da wuri, wata ta zo ta rushe, ɗan kasuwa ya kwana a ciki. Mai markaɗen nan 'ya'yansa biyu suna ajina, mai ƙosai kuma tana bina bashin sati uku, ba ni da bakin korar ta.

Tunda masu zuwa da rasit su karɓi haraji a jikinki suke tsayawa, ki raɗa musu: injin ya jira a tashi daga makaranta, lasifika ta gusa can bakin kasuwa, sigari ya bar mana ƙofa, a kuma liƙe ramin nan. Zan tsaya haka, an kawo wuta.

Naki mai dasasshiyar murya,
Malamin aji huɗu