Madugu Biyu, Mota Ɗaya

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa samarinmu masu albashi. Da zarar yaro ya fara tumbi, ya sayi mota 'yar Kwatano, ya kuma ga wani Bature a YouTube ya ɗauki tsohonsa suna zaga ƙasashe suna cin burodi a bakin kogi, sai neman albarka ya motsa masa. Ya je ya tsuguna gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, bana ina so in kai ka ka ga duniya." Ya manta dattijon ya ga duniyar nan tun kafin a san za a haife shi, kuma a saman buhunan gyaɗa ya gan ta, a bayan gingimari.

A unguwarmu ma an kamu. Yaron ma'aikacin banki ne, ɗan fari, don haka mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", ko da yake yaron ya fara furfura. Baba yana da ɗan'uwa a Zangon Kumasi, jikan fataken goro, rabonsu da ganin juna tun lokacin da ake aika gaisuwa a kaset. Nan aka tsayar za a je. Ni kuwa aka kira ni zaure a matsayin mai rubutu a jarida, wai na san hanya.

Yaro ya buɗe kwamfuta ya nuna mana jadawali mai launi-launi. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000. Daga nan a tsallaka iyakar Seme a shiga Kwatano, a wuce Lome, a ƙetara Aflao a faɗa Gana, a kwana Akra, kashegari a ƙarasa Kumasi, wajen kilomita 250. Ƙasa huɗu, iyaka uku, kuɗi iri uku: naira, sefa da sidi. Har wurin da za a tsaya a yi fitsari ya sa wa minti goma. Baba ya leƙa ta saman tabarau ya tambaya me ya hana a bi ta arewa, ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu a gangara Tamale. Aka tuna masa halin tsaro a wannan yanki, da cewa Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ya ce to shi ke nan, a bi ta Ikko, amma a jirgin ƙasa.

Nan fa aka ja daga. Baba ya gyara zama ya shiga lissafa tashoshi ba tare da numfashi ba: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, sai Iddo. Ya ce jirgi ya iso Kano tun 1911, kuma tun daga ranar bai taɓa jin an ce direbansa na latsa waya yana tuƙi ba. A jirgi mutum zai miƙe ƙafa, ya yi alwala, ya yi abokai, ya sayi dafaffen ƙwai ta taga. Yaro ya ce mota ta fi 'yanci, inda ka ga dama nan za ka tsaya. Duk maganar fatar baki ce. Abin da ke ran Baba shi ne ba zai miƙa wuyansa ga yaron da ya taɓa faɗawa kwata da keke ba. Abin da ke ran yaron kuwa, so yake dangin Kumasi su fito ƙofar gida su ga motar, su san na Kano ma ba su kwanta ba.

Da aka juyo gare ni, na ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, jirgin da yake nufi ya tsufa tare da shi. An farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, yana cin sa'a 30 ko fiye tsakanin Legas da Kano, daga baya ya koma barci. Sabbin layukan kuwa kamar haƙoran tsohuwa suke, ɗaya nan, ɗaya can, tsakani giɓi. Wanda ya rantse sai ya hau jirgi, ga yadda zai yi: ya shiga mota daga Kano zuwa Kaduna, ya hau jirgi a Rigasa, ya yi kilomita 186 cikin sanyin na'ura ya sauka Idu a Abuja. Ya sake neman mota ta Lakwaja har Badun, wuni guda cur. Ya hau jirgi na biyu a Moniya, wanda aka buɗe a 2021, ya yi kilomita 157 ya sauka Ebute Metta. Daga nan kuma sai haƙuri, don babu jirgin fasinja daga Legas zuwa Kwatano, babu daga Kwatano zuwa Lome, babu daga Lome zuwa Akra. Turawan mulki ba don ziyarar dangi suka shimfiɗa dogo ba. Kowa ya ja nasa daga cikin ƙasa zuwa bakin teku don a kwashi gyaɗa da koko da auduga, shi ya sa na Benin ya miƙe daga Kwatano ya tsaya Parakou, na Togo ya tashi daga Lome ya nufi arewa, ba wanda ya ce wa maƙwabcinsa sannu. Mu da muka gada kuma muka ɗora da bikin yanke kyalle. A Nijar an shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi shagali a 2016, har yau ba a ga fasinjan da ya yanki tikiti ba. Na Kano zuwa Maraɗi an aza harsashinsa a 2021, muna nan muna addu'a.

Baba ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ai ku 'yan jarida ba ku taɓa faɗin alheri ba."

Kuskuren da yaron ya tafka shi ne sanar da tafiyar a zauren WhatsApp na dangi. Bahaushe ba ya jin an ce tafiya ya yi fatan alheri kawai. Kafin la'asar saƙo ya fara sallama. Gwaggo ta aiko da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, a kai wa wata ƙawarta da aka aurar Kumasi zamanin Gowon, ba adireshi, amma "kowa ya san ta, doguwa ce." Kawu ya kawo kilishi da huluna goma sha biyu a sayar masa a can, a sayo masa atamfa da kuɗin, kuma ya faɗi ribar da yake sa rai. Wata maƙwabciya da ba ta gaisa da gidan tun rikicin magudanar ruwa ta turo keken ɗinki, a ajiye wa 'yarta a Agege, "tunda hanya ce." Wannan kalma ta "tunda hanya ce" ta fi kowace mota cin mai. Da ita ake mayar da Sakkwato kan hanyar Maiduguri. Wani ma ɗan'uwa saƙonsa mutum ne: ɗansa da ke son a rage masa hanya zuwa Lome, yaro shiru-shiru, ba ya cin wuri.

Aka tara kaya a zaure cikin manyan jakunkunan nan masu zane da muke kira Gana-mas-go. Yaro ya ce shi kam da kunya ya shiga Gana da jakar da ta samo suna daga korar mutanen Gana da Najeriya ta yi a 1983. Baba ya ce, "Su ma sun kore mu a 1969 zamanin Busia. An yi canjaras. Ɗaure bakin jakar."

Ganin tulin kayan nan ne ya sa Baba ya fara sanyi da jirgi. Da aka ƙara gaya masa cewa tikiti ta intanet ake saye, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma in lokaci ya yi jirgi tashi yake ko da dattijo na tsakiyar sallama da maƙwabta, sai ya ce wannan ai rashin tarbiyya ne. Abin hawan da ba zai tsaya a yi ta'aziyya ba, ba na mutanen kirki ba ne. Ya koma goyon bayan mota da ƙarfinsa. A daren nan kuma yaro ya zauna ya lissafa man zuwa da dawowa a farashin da ake ciki tun cire tallafi a Mayun 2023, ya haɗa da taya da masauki da abin da ba a rasa ba. Da gari ya waye sai ga shi yana wa'azin amfanin jirgin ƙasa ga lafiyar dattijai da kuma muhalli. Suka yi musayar matsayi ba wanda ya ji kunya, aka ci gaba da gardama da zafinta na jiya, kowa na amfani da hujjar da ya ƙaryata.

Sai batun takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ce ɗan yankin na iya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Gaskiya ne, mutum na iya shiga. Mota ce ba ta da wannan gata. Ana son fasfo, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar shigar da mota ta wucin gadi a kowace iyaka. Bayan duk sun cika kuma akwai tambayar da ba ta cikin kowace yarjejeniya, wadda masu shinge ke yi da murmushi cikin harsuna uku. Baba ya ce kakansa ya je Gwanja ta Borgu da jakuna, ya sayo goro a Salaga, fasfonsa tsagen fuskarsa ne kawai. Ban so in ɓata masa labari ba, amma fataken nan wata da watanni suke yi a hanya, kuma kowane sarki suka ratsa ƙasarsa sai madugu ya biya kuɗin fito. Masu shingen yau gado suka tarar. Shi kansa Alhassan Ɗantata, da ya ga wahalar ta isa, ta jirgin ruwa ya riƙa turo goronsa zuwa Legas.

Da aka ce masa Togo da Gana suna bayanmu da sa'a ɗaya, Baba ya ce agogonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma zai fara saboda mutanen Lome ba. Su gyara nasu.

Don a gwada jituwa, aka shirya ɗan zagaye zuwa Zariya, tafiyar da ba ta kai sa'a uku ba. Baba ya zauna gaba, carbi a hannu, ya karɓi tuƙin da baki. "Sannu dai. Ga rami. Bar shi ya wuce, ba mu da gaggawa. Wannan gudun na mene ne, gobara ake yi?" Allura na kan 60. Can muryar Google Maps ta ce a miƙe. Baba ya waiga ya ce, "Wace ce wannan take ba ka umarni ina zaune? 'Yar gidan wa ce? Ta taɓa zuwa Zariya?" Aka kashe ta. A madadinta aka koma tsarin matambayi ba ya ɓata, wato a tsaya wurin kowane mai shayi a tambayi hanyar da Baba ya fi mai shayin sani, don dai a gaisa. An tsaya Kura ta'aziyyar wanda ya rasu bara. An tsaya Kwanar Dangora duba wani abokin ciniki, aka tarar ya tashi, aka zauna da wanda ya gaji rumfarsa. A Tashar Yari aka yi doguwar muhawara kan ko tafiyar ta kai a yi kasaru. Sun ga ganuwar Zazzau ana kiran magariba. Yaro ya buɗe jadawalinsa ya yi lissafi a kan wannan ma'auni, ya gano za su isa Kumasi bayan kwana 90 ɗin ECOWAS sun ƙare.

Ni dai hukuncina a zauren bai canza ba: mota za a shiga, don jirgin da za a yi gardama a kansa babu shi. Sai dai a ɗauko direban haya wanda ya girmi yaron, ya kuma san Faransanci kaɗan, a mayar da mai motar kujerar baya tsakanin keken ɗinki da yaron nan shiru-shiru. Mota ɗaya ba ta ɗaukar madugu biyu, kuma a gidan Bahaushe an san wanda zai sauka. Ba a karɓi shawarar ba. Baba ya ce ba zai biya bare ga ɗansa na zaune ba, yaro ya ce ba mai taɓa masa sitiyari.

Saura sa rana. Aka ce bayan Ƙaramar Sallah. Da ta wuce aka ce a bari alhazai su dawo. Da suka dawo damina ta sauka, hanya ba kyau. Da kaka ta yi aka sa bikin ƙanwar yaron. Kowane zama ana rufe shi da "Allah ya kai mu," kowa ya shafa, a watse. Ana cikin haka, ranar wata Laraba da hantsi, sai ga sallama a ƙofar gida. Dattijon Kumasi ne da kansa, ya gaji da jira. Ya hau bas daga Kumasi zuwa Akra, daga Akra zuwa Legas, daga Legas ya shigo ta dare zuwa Kano, da 'yar jakarsa guda da ƙullin goro. Bayan an sha kuka an sha fura, Baba ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ga masu zumunci. Ba kwamfuta, ba komai."

Baƙon zai koma bayan sati biyu, kuma ya riga ya rantse ba zai ɗauki saƙon kowa ba. Saboda haka gidan sun roƙe ni in sanar: duk wanda ya san ya kawo kaya, ya zo ya kwashe abinsa kafin Juma'a. Kilishin Kawu dai yara sun riga sun isar da shi inda ya dace. Mai keken ɗinki ta turo ɗan dako. Gwaggo kuma don Allah a fara zuwa da ke, daddawar nan ta hana kowa zama a zaure.