Kawu Ya Tsunkuli Sama

Tun daren Litinin wayata take kukan ta cika, kuma ba kowa ya jawo ba sai Kawu. Ya kai iyalinsa asibiti a Delhi, Allah ya sa an dace, likita ya ba su 'yan kwanaki kafin a sake dubawa, shi kuwa ya faɗa jirgin ƙasa sai Agra. Daga ranar zauren WhatsApp na zuriyarmu bai ƙara samun sukuni ba. Sanarwar ɗaurin aure ma sai ka yi ta tono kafin ka zaƙulo ta a ƙarƙashin hotunan Kawu.

Kawu a ƙofar Amar Singh ta fadar Agra. Kawu da tabarau. Kawu ya cire tabarau ya ciji ƙafar tabarau ɗin, wai yana tunani. Kawu ya ware hannuwa irin na Shah Rukh Khan, da babbar riga da hula zanna, dattijo mai jikoki. Fadar da Sarki Akbar ya fara ginawa da jan dutse a 1565, mai katangar da ta kai ƙafa 70, abin da muka samu gani nata ɗan ja-ja ne a bayan kunnen Kawu.

Duk wannan da sauƙi. Hoton da ya hana ni barci shi ne na kusa da hasumiyar da ake kira Musamman Burj. A fadar nan Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ajalinsa a 1666. Shekara takwas tsoho yana hango Taj Mahal can a bakin kogin Yamuna, ginin da ya yi a kan kabarin matarsa Mumtaz, ba halin ya taka. To a wannan wuri Kawu ya tsaya, ya haɗa babban yatsa da manuni, wai ya tsunkuli kan ƙubbar.

Kuma bai same ta ba! Ƙubba tana ƙasa ta hagu, yatsun Kawu suna can sama ta dama, ya damƙe iska tamau yana murmushin wanda ya ci kasuwa. Ya ce mai hoton ya yi ta cewa ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, matsa nan, har hannunsa ya sage, sannan ya karɓi rufi masu kauri. Watau kuɗi aka biya aka tsunkuli sama. Na faɗaɗa hoton ko akwai tsuntsu a tsakanin yatsun, ko ƙuda, wani abu dai da za a fita kunya da shi. Babu. 'Yan uwa kuwa sai jero "Ma sha Allah, Kawu" suke yi. Gwaggo ce kaɗai ta yi magana da zuciya ɗaya. Ta turo saƙon murya tana salati, ta ɗauka girman ƙwayar maganin da aka ba mai jiki yake nunawa, har tana cewa a riƙa raba mata biyu.

Da na je yi masa barka da dawowa na ce, "Kawu, kun ga kwamin wankan Sarki Jahangir? An ce daga dutse guda aka sassaƙa shi, har da matakala ciki da waje." Ya ce, "Kai ɗan nan ka cika tambaya, zafi ake yi a garin." Daga baya na gano kwamin a cikin hotunan: shi ne abin da ya jingina da shi yana gyara takalmi. Amma kuɗin shiga bai manta ko anini ba. Ya yi rabin sa'a yana ba ni labarin yadda ake ninka wa baƙo kuɗin tikiti a kan na ɗan ƙasa, da yadda ya tsaya a taga yana nuna musu fatar hannunsa don su gane shi ba Bature ba ne.

Sai kuma ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya. "Mutanen nan sun san darajar tarihi. Mu kuwa sai a hankali."

Nan fa raina ya ɓaci. Kawu ya tsufa yana wuce Gidan Makama, ƙafarsa ba ta taɓa shiga ba. Bai taɓa hawa Dala ba, wai gwiwa, gwiwar da ta zagaye Agra a tsakar rana. Ganuwar Kano, wadda ta girmi fadar Akbar da ɗaruruwan shekaru, a gaban idonmu ake zaftare ta, a kwashi ƙasarta a yi bulo, a juye mata shara, a yanka gindinta filoti-filoti. Wani wurin ma sai an rantse maka za ka yarda ganuwa ta taɓa bi ta nan. Kuma shagunan nan uku da Kawu yake karɓar hayarsu duk shekara, kowa a gidanmu ya san a kan me aka aza harsashinsu.

Na ɗan gutsura masa wannan cikin ladabi, kaina a ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan ai ƙasa ce, ɗana. Tasu dutse ce." Sannan ya ƙwala wa yaro kira ya zo ya raka ni bakin titi.