Yadda Za Ka Motsa Jiki Har Takalminka Ya Tsufa

Fara motsa jiki ba ya yi wa kowa wuya. Da zarar likita ya auna jinin Alhaji ya girgiza kai, ko tela ya ce yadin da aka saba ba zai ƙara isa ba, washegari da asuba za ka gan shi a bakin titi da sabon kambas, yana haki yana share gumi. Bayan kwana goma takalmin ya koma ƙarƙashin gado, tumbi kuma ya ci gaba da harkokinsa. Ɗorewa ita ce aikin, kuma ga yadda ake samun ta.

Ka fara da abin da za a raina. Minti goma na tafiya da ɗan sauri sun isa a makon farko, ko da maƙwabci zai tambaye ka ko mantuwa ka yi. A shawarwarin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Can za ka je, amma sannu ba ta hana zuwa. Mai ɗoki so yake ya biya bashin shekara goma a safiya ɗaya, sai ya haye Dutsen Dala da gudu. Tsamin jiki kuwa ba nan take yake zuwa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ranar ce ruku'u ke gagara, ka ga ƙato ya ja kujera a ƙarshen sahu yana salla a zaune, daga nan kuma an yi sallama da atisaye.

Kada ka jira kaya. Akwai mai jiran albashi ya sayi agogon ƙirga taku, akwai mai jiran a buɗe gidan motsa jiki a unguwarsu. Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Kai dai ka sa naka, saboda ƙusa da fasasshiyar kwalba, amma na gwanjo daga Ƙofar Wambai ya wadatar in bai matse maka yatsu ba.

Ka ɗaura atisayen a jikin abin da ba ka fashinsa. Wannan ce uwar shawarwarin. Abin da ka ware wa "in na samu lokaci" ba zai taɓa samun lokacin ba. In an sallame asuba, kada ka koma kan katifa. Zagaya unguwa tukuna. Ka riƙa zuwa masallacin da ke gaba da na ƙofar gidanka. Ka sauka daga adaidaita sahu tun kafin a kai ka, ka taka sauran. Ma'aunin saurin kuwa ba ya bukatar na'ura: in kana iya amsa gaisuwa amma waƙa ta gagare ka, kana kan daidai. In ko "lafiya lau" ta ƙi fita, rage. Ka kuma sani cewa ihu a gidan kallon ƙwallo ba ya cikin lissafi, ko da Arsenal ce ta sa ka zufa. In Kano Pillars za ka kalla, taka zuwa filin Sani Abacha da ƙafarka, ka ga an ci riba biyu.

Nemi abokin da ba ya yi maka kara. Aminin da zai ce "ba komai, gobe ma rana ce" ba zai amfane ka a nan ba. Taubashi kake bukata, ko abokin wasa. Bakano ya samu Bazazzagi, Bafulatani ya samu Babarbare, wanda zai tsaya a ƙofar gida yana rangaɗa sallama, kuma in ka ƙi fitowa ya kai labarinka majalisa kafin azahar. Tsoron gori ya tayar da mutane da yawa waɗanda ƙararrawar waya ta kasa tayarwa.

Ka yi hattara da teburin mai shayi. Yana nan a kan hanyar dawowa, da kauri, da burodi, da ƙwai uku. Kwalbar lemo ɗaya ma kan mayar da kusan duk abin da tafiyar rabin awa ta ƙona. Ka sha ruwa, ka karya kamar yadda ka saba. In sikeli bai motsa da wuri ba kada ka karaya, domin hawan jini da sukari da barci duk suna gyaruwa tun kafin wando ya yi yawa.

Ka riga uzuri shiri. Hunturu akwai ƙura, bazara akwai zafi, damina akwai taɓo, ga kuma azumi. In ka haɗa su shekara ta ƙare. Da hunturu ka rufe hanci ka jira hantsi. Da bazara ka fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. In ana ruwa, zaure ya isa. Da azumi ka rage, ka mayar da tafiyar bayan buɗa-baki, ko ka taka zuwa tarawihi.

Hajiya, tsakar gida fili ce. Igiyar tsalle, zagaye da sauri, tashi da zama daga kujera sau goma, ɗaga bokitin ruwa: duk motsa jiki ne, kuma na ƙarshen biyu suna cikin aikin ƙarfafa tsoka da ake so a yi sau biyu a mako. Maigida kuma ya riƙe yara na rabin awa, ba zai narke ba. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko hawan jini ko sukari, su fara jin ta bakin likita. Duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya kama shi, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

In ka yi fashi, ka koma. Biki zai zo, rasuwa za ta zo, zazzaɓi zai kwantar da kai. Kada ka ce sai farkon wata, kada ka ce sai bayan Salla. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma rashin motsin na buɗe ƙofa ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sukari. Kowannenmu ya san gidan da ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga ya kwantar da mai ciyarwa. Saboda haka, ɗan'uwa, fashin jiya ya wuce. Gobe da asuba minti goma kawai muke roƙo, Allah ya ba da iko.